Ƙungiya ɗaya ta ƙirga 40, ɗaya ta ƙirga 6: wa ya yi kuskure?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Maraɗi. An yi mana darasin ekoloji, amma har yanzu ina rikita popilasiyon da biyosenoz. Makon jiya malaminmu ya fita da mu wani fili a bayan gari, ya ce mu ƙirga garmani a cikin murabba'in mita ɗaya. Ƙungiyarmu ta samu 40, ƙungiyar ƙawata ta samu 6, a fili ɗaya, rana ɗaya. Wa ya yi kuskure? Kuma ta yaya mutum zai ce ya san yawan abin da bai ƙirga shi duka ba? Ni dai gani nake kamar shaci-faɗi ne."

Barka kadai, 'yata. Tambayarki uku ce a dunƙule: ma'anar kalmomin, dalilin da lissafinku ya saɓa, da kuma ko ƙiyasi abin dogaro ne. Ta tsakiyar ita ce ta fi nauyi, kuma amsarta a taƙaice ita ce babu wanda ya yi kuskuren ƙirga a cikinku. Kuskuren zai zo ne idan wata ƙungiya ta ɗauki lambarta guda ɗaya ta ce ita ce labarin filin gaba ɗaya.

Kalmomin tukuna

Ki tsaya a bakin wata gona a hanyar Madarunfa. Duk itatuwan gawo da ke cikin wannan gonar a wannan lokacin, su ne popilasiyon ɗaya: jama'ar jinsi guda, a wuri guda, a lokaci guda, waɗanda za su iya hayayyafa a tsakaninsu. Sharuɗɗan nan uku su ne ɗalibai ke mantawa a jarrabawa. Idan kika ce "gawo" kawai, jinsi kika ambata. Sai kin faɗi wurin da lokacin sannan kika ambaci jama'a.

Amma gawo ba shi kaɗai yake zaune ba. Akwai kalgo da sabara da aduwa, akwai geron da aka shuka da ƙudujin da ke maƙale a saiwarsa, akwai gara da tururuwa da fara, da balbelar da ke bin shanu, da ƙananan halittun cikin ƙasa da ido ba ya gani. Haɗuwar duk waɗannan jama'o'i a wuri ɗaya, suna cin juna, suna gasa, suna taimakon juna, ita ce biyosenoz. Ni nakan kira ta haɗakar mazauna. Wurin da suke zaune kuwa, da rairayinsa da ruwan samansa da zafinsa da iskarsa, shi ne biyotop. Ki haɗa mazauna da mazauni, kin samu ekosistem, kalmar da wani masanin tsirrai na Ingila, Arthur Tansley, ya fito da ita a rubuce a 1935.

Kalmar haɗaka tana da amfani ne saboda alaƙar da ke ciki. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya fitar da sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ba ya rasa rana, ga takin ganye, ga kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa. Manomi ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ƙuduji kuma tsotson gero yake yi, ya bar shi a tsumbure. Gona ɗaya, alaƙa biyu masu saɓani.

Me ya sa 40 da 6

Yanzu mu koma filinku. Ban ga filin ba, amma na san halin garmani. Ba ya bazuwa daidai wa daida kamar yadda ake jera shuka a kan layi. Yana cunkushewa a inda dabbobi suka tattake, a gefen burtali, a kusa da rijiya, a makiyayar da aka cinye ciyawarta mai daɗi aka bar masa fili, don dabbobi ba su cika son sa ba. Taku goma daga nan sai ki tarar da ƙarangiya ta mamaye, garmani ɗaya nan ɗaya can. Halittu iri uku suke bazuwa: a jere da tazara kusan ɗaya, ko barkatai ba tsari, ko tsibi-tsibi. A dajinmu na Sahel na ukun ne ya fi yawa, domin ruwa da taki da inuwa su ma tsibi-tsibi suke. Ku kun aza murabba'inku a kan tsibi, su sun aza nasu a tsakanin tsibi biyu.

Zan kuma yi miki wata tambaya, ki amsa wa kanki tsakaninki da Allah: wa ya zaɓi inda kuka aza shi? Na fita da ɗalibai sau da yawa, kuma abin da nake gani kusan kullum ɗaya ne. Idan aka ce a ƙirga garmani, ƙafa da kanta take tafiya inda garmani ya yi kyau. Wasu kuma suna gudun ƙaya, sai su nufi inda ya fi sarari. Babu mai niyyar maguɗi, amma ido yana da son zuciya, kuma wannan son zuciyar shi ne babban abokin gaban wannan aiki.

Ki tuna yadda ake sayen hatsi a kasuwa. Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya, kuma ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, don ya san nan ne ake ɗora mai kyau. Yana zura hannu can ciki, ko ya soka ƙarfen nan mai rami a gindi da tsakiya da gefe, ya duba abin da ya fito, kuma idan buhu ashirin ne ba zai tsaya a na farko ba. Da 'yan ƙwayoyin da ke tafin hannunsa yake yanke hukunci a kan kaya na dubban jikkuna, kuma da wuya ya faɗi. Wannan shi ne ɗaukar samfur. Ba shaci-faɗi ba ne, domin yana da ƙa'ida biyu: kada mai kaya ko idonka ya zaɓa maka inda za ka ɗiba, kuma kada ka ɗiba sau ɗaya.

Yadda za ku sake aikin

Ku shimfiɗa igiya biyu masu awo a gefen filin, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa, su haɗu a kusurwa. Ku rubuta lambobi a 'yan takardu, ku nannaɗe, ku zuba a hula. Lamba ta farko da aka zaro ita ce mitocin da za a bi a igiya ta farko, ta biyu kuma a igiya ta biyu. Inda suka haɗu, nan za a aza murabba'in, ko da a kan ƙaya ne, ko da wurin fayau yake babu ko tsiro ɗaya. Sifili ma sakamako ne, a rubuta shi. Wasu malamai suna cewa a juya baya a jefa murabba'in ta kan kafaɗa. Ya fi zaɓe da ido, amma ni ban gamsu da shi ba, don mai jifa ya riga ya zaɓi inda ya tsaya da inda ya ba baya.

Murabba'in kansa ba ya buƙatar kuɗi. Kara huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya da zare sun isa. Sai dai ku yi yarjejeniya tun kafin ku fara a kan tsiron da ya faɗo a kan layi: misali na gefen gabas da na arewa a ƙirga, na yamma da na kudu a bari. In ba haka ba kowace ƙungiya za ta riƙa jawo na bakin layi ciki, lissafi ya kumbura.

A ce kun aza sau goma kun samu 40, 6, 0, 12, 3, 25, 0, 8, 31, 5. Jimilla 130, a raba da 10, matsakaici 13 a kowane murabba'in mita. Kin ga lambarku da ta ƙawarki duk suna ciki, kuma a cikin biyun babu wadda ta yi kusa da 13. Ki tuna hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, to fili mai hekta 2 zai ba ki ƙiyasin tsiro 260,000. Daga lambobin nan kuma za ki fitar da wani awo na daban: garmani ya bayyana a murabba'i 8 cikin 10, wato kashi 80 cikin ɗari. Na farko yana gaya miki cunkoso, na biyu yana gaya miki yaɗuwa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Tsiro yana iya cunkushewa a kusurwa ɗaya ya ba da matsakaici babba alhali bai yaɗu ba.

Sau nawa ya isa? Ga dabarar da nake amfani da ita. Bayan kowane murabba'i ki sake lissafa matsakaicin duk waɗanda suka gabata. Da farko zai riƙa tsalle: 40, sai 23, sai 15 da 'yan kai. Can gaba zai lafa, ƙarin murabba'i ba ya motsa shi sosai. Nan ne kika kusa isa. Ga tsiro mai tsibi-tsibi kamar garmani, goma kaɗan ne. Idan ajinku yana da ƙungiya shida, kowace ta yi biyar ku haɗa talatin, aikin zai fi na kowace ƙungiya ita kaɗai nesa ba kusa ba.

Akwai ciyawar da ba ta ƙirguwa ɗaya-ɗaya, kamar wadda ke shimfiɗa a ƙasa ta sarƙe. Ita sai a ƙiyasta kashi nawa na murabba'in ta rufe. A jami'a za ki haɗu da ma'aunin Braun-Blanquet, mai daraja daga 1 zuwa 5 da alamar ƙari ga tsiron da bai taka kara ya karya ba.

Idan ƙasar tana canzawa

Zaren takarda a hula yana aiki ne idan filin kusan iri ɗaya ne. Idan rabinsa fadama ce rabinsa jigawa, sai a raba shi biyu, kowane ɓangare a ba shi murabba'ai gwargwadon girmansa. Idan kuwa abin da kike son gani shi ne yadda tsirrai ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, sai a ja igiya doguwa, a aza murabba'i a kowace mita biyar ko goma. Ki yi tunanin igiyar da aka ja daga bakin ruwan tafkin Madarunfa zuwa tudu, ko daga cikin Gulbin Maraɗi zuwa jigawa: ciyawar laka a farko, sannu a hankali ta ba da wuri ga masu jure ƙishi. Haka nan daga bakin rijiyar makiyaya zuwa daji: fili tas a kusa, sai zoben tsirran da dabba ba ta ci, sai can nesa ciyawar kirki ta dawo. A nan tsarin da gangan aka yi shi, don tambayar ta canza.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Ciyawar shekara ana ƙirga ta a ƙarshen damina, wajajen Satumba, lokacin da ta yi fure ana iya gane ta. Wanda ya je filin nan a watan Afirilu zai rubuta cewa babu komai, alhali irin yana kwance cikin rairayi yana jiran ruwa.

Itatuwa, da matsalar kututture

Murabba'in mita ɗaya ba ya aiki ga itace. A gonaki nakan yi amfani da fili mai mita 50 sau 50, wato rubu'in hekta. A daji mai duhu kamar na Baban Rafi ƙarami ya isa, don itatuwan sun fi kusa da juna.

A nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake faɗa wa ɗalibai. Farkon fara aikina an ba ni ƙirgar itatuwa a gonakin wasu ƙauyuka. Babur gare ni, rairayi kuma yana da wuyar shiga, sai na riƙa aza filayena a inda hanya ta kai ni. Da na kawo sakamakon, wani dattijon manomi da ya raka ni ya ce, "Malam, ai gonakin bakin hanya ka auna, su ne masu itace suka fi sara. Da ka shiga ciki da ka ga abin da muka raina." Gaskiya ya faɗa. Na koma na sake aikin da ƙafa, kuma hoton ya canza. Lissafina na farko babu kuskuren tarawa ko rabawa a cikinsa ko ɗaya, amma ƙarya yake faɗi a kan yankin.

Sannan ga tambayar da littafi bai cika yi ba: mene ne "ɗaya"? Sabara ko kalgo da aka sare yakan tofo rassa goma ko fiye daga kututture guda. Itace goma ne ko ɗaya? Dole ki yanke tun farko ko tushe kike ƙirgawa ko reshe, ki kuma rubuta a rahotonki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. A 1983, a nan yankin Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da ake sharewa a gonaki kowace shekara tofon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Manoma suka ɗauki dabarar rage rassan a bar 'yan kaɗan su girma, wadda ake kira sassaben zamani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa ta shafi kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Babu wanda ya bi su ɗaya-ɗaya. An kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, an ƙirga a wuraren samfur, an sauka ƙasa an tabbatar, sannan aka faɗaɗa lissafin. Aikin da kuka yi da kara huɗu, shi ne dai aka yi da manyan kayan aiki.

Abin da ke gudu

Fara ba za ta tsaya cikin murabba'i ki ƙirga ta ba. Ga dabbobi masu motsi akwai hanyar kamu, sa alama, saki, sake kamu. Tana ɗauke da sunan Petersen, masanin kifi na ƙasar Denmak, da Lincoln, Ba'amurken da ya yi amfani da ita a 1930 wajen ƙiyasin agwagin ruwa. A ce kin kama fara 40, kin ɗiga wa kowace ɗan fenti a baya, kin sake su. Washegari kin kama 50, kin tarar 8 suna da alama. Tunda 8 cikin 50 na kamun biyu masu alama ne, haka 40 ɗin nan suke a cikin jama'ar duka. Sai ki ninka 40 da 50, ki raba da 8, ki samu 250.

Lissafin mai sauƙi ne, sharuɗɗan ne masu wuya. Dole masu alama su gauraya da sauran sosai, alamar kada ta goge, kada kuma ta sa tsuntsu ya fi ganin su, kuma tsakanin kamu biyu kada a samu ƙyanƙyasa ko mutuwa ko ƙaura mai yawa. Ki duba abin da zai faru idan balbela ta tsince masu fenti, kika samu 4 maimakon 8: ƙiyasin ya tashi zuwa 500, ninki biyu, alhali farar raguwa ta yi. Kafin ki taɓa ƙwaro, ki gwada a gida da wake. Ki ɗebo gwangwani ɗaya, ki sa wa ƙwaya 50 tawada, ki mayar ki gauraya, ki rufe ido ki ɗibi hannu, ki lissafa, sannan ki ƙirga duka ki ga tazarar. Ki sake gwadawa ba tare da gaurayawa ba, za ki ga da idonki abin da sharaɗin farko yake nufi. Aikina ya fi karkata ga tsirrai, don haka idan kamun kifi ko tsuntsaye kike son yi da gaske, ki nemi malaman sashen nazarin halittu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko masu binciken ƙwari na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a reshenta da ke Tarna, sun fi ni hannu a kai.

Wani lokaci kuma ana ƙirga duka, idan dabbar babba ce kuma kaɗan ce. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996. Kowane yana da zanen jikinsa da ba ya kama da na wani, sai ana ɗaukar hotonsu ana gane su ɗaya-ɗaya. Da kariya suka haura 600, har a 2018 aka kwaso 8 aka kawo gandun Gadabeji a nan jihar Maraɗi.

Yawan jinsi ba shi ne duka ba

Tunda kin tambayi biyosenoz, ga yadda ake auna ta. A ce gona biyu, kowace tana da itace 100 na jinsi huɗu. Ta farko gawo 25, kalgo 25, aduwa 25, sabara 25. Ta biyu sabara 85, sauran ukun biyar-biyar. A yawan jinsi kunnen doki suka yi, amma duk wanda ya shiga ya san ba ɗaya suke ba. Ma'aunin Simpson na 1949 yana kama wannan bambancin. A ɗaya daga cikin siffofinsa, ana ninka jimilla da jimilla ban da ɗaya, wato 100 sau 99, 9,900. Sai a yi wa kowane jinsi haka a tara. Gonar farko 25 sau 24 har sau huɗu, 2,400. A raba 9,900 da wannan, a samu kusan 4.1. Ta biyu 85 sau 84, a ƙara 5 sau 4 har sau uku, 7,200. A raba 9,900 da wannan, a samu kusan 1.4. Lamba mafi girma tana nuna jinsunan sun fi daidaita a yawa. Littattafanku na faransanci sun fi kawo ma'aunin Shannon, shi ma zai ba ki 2 a gonar farko, ƙasa da 1 a ta biyu. Makiyayar da garmani ya mamaye irin gona ta biyu ce: daga nesa kore shar, amma makiyayi ya san dabbarsa da yunwa za ta kwana.

A rahoton da za ku miƙa wa malaminku, kada ku rubuta 40 kuma kada ku rubuta 6. Ku tattara lambobin duk ƙungiyoyin ajin, ku rubuta matsakaici tare da mafi ƙanƙanta da mafi girma, ku faɗi girman murabba'in, sau nawa aka aza shi, ranar da aka fita, da yadda aka zaɓi wuraren. Idan da ido aka zaɓa, ku faɗa haka, ku roƙi malam ya ba ku wata safiya ku koma da igiya biyu da hula.